Bindigar tausa: abin da take yi wa jiki da abin da ba za ta iya ba

'Yan uwa masu motsa jiki, 'yan ƙwallo da masu gudu da masu ɗaga ƙarfe, ga ra'ayina kan bindigar tausar nan da ta cika ko'ina yanzu, wadda da an tashi daga tirenin sai ka ga mutum ya zaro ta daga jaka yana bubbuga cinya. Na daɗe ina amfani da ita, kuma tun kafin in same ta har zuwa yau ina zuwa wajen fisiyo mai tausar 'yan wasa, toh ina ganin ina da bakin magana a kan duka biyun. Gaskiya na'ura ce mai kyau, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma fa aiki ɗaya ko biyu ta iya cikin ayyukan tausa, sauran duk na hannu ne, kuma masu tallarta suna ɗora mata abin da ba nata ba har wasu na barin ciwo ya yi nisa suna ta bubbugawa a gida, wannan shi ne abin da ya fi damuna.

Tawa ba ta manyan kamfanonin nan ba ce, irin matsakaitan nan ce da suka yi yawa a kasuwa, suna daban daban amma in ka duba jikinsu kusan duk abu ɗaya ne. Tana zuwa cikin 'yar jaka mai zif, da caja, da kawuna da ake canzawa. Akwai zagayayye na soso, akwai mai faɗi na roba mai tauri, akwai mai tsini, akwai kuma mai baki biyu. Nauyinta ya kai wajen kilo ɗaya, wanda a hannu ba komai ba ne a minti na farko, amma ka riƙe ta kana ƙoƙarin kaiwa bayan kafaɗa ka ji yadda wuyan hannu zai fara ƙorafi. Ƙararta a ƙaramin gudu kamar ta kilifar aski ce, za ka iya hira da mutum tana aiki, in ka ƙure ta kuwa sai ka ɗaga murya, kuma tsakar dare a ɗaki ɗaya da mai barci kam a'a.

Asalin irin wannan na'ura wani Ba'amurke ne mai gyaran ƙashin baya, Jason Wersland, da ya yi hatsarin babur a 2007 ya rasa abin da zai rage masa ciwo, sai ya sarrafa irin injin da kafintoci ke aiki da shi ya mayar da shi abin bubbuga tsoka. Daga nan bindigar tasa mai suna Theragun ta fito kasuwa sosai a 2016, Hypervolt ta kamfanin Hyperice ta biyo baya a 2018, sai kuma kowa ya shiga kwaikwayo. Na kawo wannan ne saboda akwai wata lamba da ya kamata mai saye ya sani kuma ba ita ake rubutawa da manyan baƙi a kwali ba. Kowa gudu yake tallatawa, wai bugu 3200 a minti, wai matakin gudu ashirin ko talatin. Abin da ya fi gudu muhimmanci shi ne nisan da kan yake tafiya gaba ya dawo baya a kowane bugu. Manyan Theragun milimita 16 suke yi, kuma gudunsu bai wuce 2400 a minti ba, wato bugu 40 a daƙiƙa ɗaya. Masu araha da yawa ba sa wuce milimita 8 zuwa 10, shi ya sa za ka ji suna ta ɓari a saman fata amma ba sa shiga nama. Tawa an rubuta 12, kuma a cinya da ɗuwawu inda tsoka ke da kauri ina jin da ma ta ɗan ƙara, a sha-raɓa da damtse kuwa ta wadatar.

Abu na biyu shi ne ƙarfin injin in ka danna. Wata da ka ɗan matsa ta a jiki sai ta tsaya cak, wannan ba ta da amfani ga mai ƙwanji. Tawa tana jure danni daidai gwargwado, sai batir ya yi ƙasa take fara sanyi. Matakan gudu masu yawan nan kuwa wallahi ado ne kawai, uku nake taɓawa, na ƙasa da na tsakiya da wani sama kaɗan, kuma na ƙasan ya fi kowanne aiki a wajena.

Yanzu ga inda ta burge ni. Kafin a fara wasa ko gudu, in jiki ya yi nauyi sha-raɓa ta ɗaure, ka bi ta da ita na daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya a kowace tsoka, a hankali kana tafiya da ita daga ƙasa zuwa sama ba tare da ka danna da ƙarfi ba, za ka ji ƙafar ta saki, tsugunno ya yi sauƙi, taku ya yi laushi. Wannan ba jin jikina kaɗai ba ne, a 2020 masu bincike a Jami'ar Graz ta Ostiriya sun gwada minti 5 na bubbugawa a sha-raɓa, suka ga idon sawu ya ƙara lanƙwasuwa da wajen digiri 5 kuma ƙarfin tsokar bai ragu ba. Wannan na ƙarshen shi ne abin lura, domin doguwar miƙa jijiya a tsaye kafin wasa, irin wadda mutum zai riƙe fiye da minti ɗaya, takan ɗan rage ƙarfin tsoka na ɗan lokaci. Toh a nan bindiga ta yi. Amma ba ta maye gurbin ɗumama jiki, sai ka yi sassarfa ka yi tsalle tsalle jini ya zagaya, ita ƙari ce a kai.

Sai tsamin jiki, wanda duk mai tirenin ya san shi, ranar da ka yi aikin lafiya lau za ka kwanta, washegari da jibi ne sauka daga bene zai zama aiki. Yakan kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72 sannan ya lafa da kansa. Bindigar tana rage shi, ba ta kawar da shi. Ka yi ta da yamma a ƙaramin gudu da kan soso, za ka samu sauƙi na wasu awoyi, ka yi barci mai daɗi, da safe tsamin na nan amma da dama dama. Ni a wajena wannan sauƙin ma ya isa dalilin mallakarta, don mutumin da jikinsa bai dame shi ba shi ne zai koma tirenin a kan lokaci.

Abin da ke ɓata min rai shi ne rubutun da ke jikin kwali da bakin masu talla, wai tana fitar da laktik asid daga tsoka, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jiki lokacin motsa jiki mai ƙarfi, wai tana wanke guba, wai tana fasa ƙulli, har da masu cewa tana narkar da kitse. Dan Allah a daina. Laktik asid ba ya kwana a tsoka, cikin kamar awa ɗaya bayan ka gama motsa jiki ya koma daidai da kansa ko an taɓa ka ko ba a taɓa ka ba, kuma ba shi ke kawo tsamin jibi ba, tsamin daga 'yan ƙananan raunuka ne a zaren tsoka da kumburin da jiki ke yi wajen gyara su, musamman in ka yi aikin da tsoka ke miƙewa tana ɗauke da nauyi, irin gudu a gangare ko sauke ƙarfe a hankali. A 2012 a Jami'ar McMaster ta Kanada an sa samari 11 sun tuka keke har suka gaji liƙis, aka yi wa cinya ɗaya tausa ta minti 10 aka bar ɗayar, aka ɗebi ɗan nama daga kowacce aka duba. Cinyar da aka tausa alamomin kumburi sun ragu a cikinta, amma laktik asid ɗin bai bambanta da na ɗayar ba. Wannan fa tausar hannu ce ta gwani, balle na'ura. A 2020 kuma wasu a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka tattara bincike 29 da ya ƙunshi mutum fiye da 1000 kan tausar 'yan wasa, abin da suka samu shi ne ba ta ƙara ƙarfi ko gudu ko tsalle ko juriya, amma tana ɗan ƙara laushin gaɓoɓi tana kuma ɗan rage tsami. Ni ban ga abin kunya a wannan sakamakon ba, amfani ne na gaske, me ya sa sai an ƙara masa gishiri?

Yawancin sauƙin da ake ji daga jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa yake zuwa. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka yi bayanin cewa saƙon taɓawa da girgiza yana iya danne saƙon zafi kafin ya isa sama, shi ya sa ko yaro ya buge sai ya kai hannu yana murza wajen ba wanda ya koya masa. Bindiga tana cika wajen da saƙon girgiza, ƙwaƙwalwa ta sassauta, tsoka ta daina ɗaurewa. Ba wai ta fasa wani abu a ciki ba ne.

Toh bari in zo kan hannu, don a nan ne maganar take. Tausar da ake kira ta Suwidin, wadda ita ce tushen kusan duk tausar 'yan wasa ta yau, ana jingina ta ga Per Henrik Ling da ya kafa makarantar motsa jiki a babban birnin Suwidin a 1813, amma wani likita ɗan Holan, Johann Georg Mezger, shi ya tsara dabarun ya ba su sunayen Faransancin da ake amfani da su har yanzu. Kashi biyar ake lissafawa. Akwai doguwar shafa da tafin hannu ana bi zuwa wajen zuciya, da ita ake buɗewa da ita ake rufewa. Akwai kamo tsoka a ɗaga ta a mulmula a matse. Akwai goga da ɗan yatsa ko babban yatsa a waje ɗaya cikin zurfi. Akwai bubbugawa da gefen hannu ko dunƙule. Akwai girgizawa. Bindiga ta ɗauki biyun ƙarshe ta fi hannu iya su ma, don ba hannun da zai yi bugu 40 a daƙiƙa kuma ba ta gajiya. Ukun farko kuwa ko kusa. Ba za ta kamo sha-raɓarka ta ɗaga ta daga ƙashi ta mulmula ba, kuma duk wanda aka taɓa yi wa wannan bayan wasa mai zafi ya san babu abin da ke kama da shi, ji za ka yi ƙafar ta zama sabuwa.

Kuma ba dabara kaɗai ba ce, hannu yana ji. Fisiyon kirki kafin ya taɓa ka sai ya tambaye ka, yaushe ya fara, me kake yi ya fara, da safe ya fi ko da dare, akwai maganin da kake sha, ka taɓa jin ciwo a wajen. Sai ya sa ka tsaya da ƙafa ɗaya, ka tsuguna, ka yi tafiya yana kallo, ya gwada ƙafar dama da ta hagu. Sau da yawa inda kake nunawa ba nan matsalar take ba, mai gudu zai zo da ciwo a gefen gwiwa ta waje yana ta dukan gefen cinya da bindiga har wajen ya yi ja, alhali tsokar gefen ɗuwawu ce ba ta da ƙarfi take barin gwiwa na faɗawa ciki a kowane taku, maganin kuma atisayen ƙarfafa wajen ne da rage nisan gudu na ɗan lokaci. Na'ura ba ta san wannan ba, inda ka kai ta nan za ta buga. Sannan yatsan gwani yana jin lokacin da tsoka ta fara saki ya rage, yana jin lokacin da ta ƙara ɗaurewa ya ja baya, yana kallon fuskarka da numfashinka. Wanda nake zuwa wajensa kullum sai ya ce in ba shi lambar zafin da nake ji daga ɗaya zuwa goma, in na wuce shida ko bakwai ya sassauta, kuma in ya ga na riƙe numfashi ko ban yi magana ba ya san ya yi yawa.

Waɗannan 'yan ƙulle ƙullen da ake ji a kafaɗa da gefen wuya da ɗuwawu, waɗanda in an danna sai zafin ya harba wani waje daban, likita Janet Travell ce ta fi kowa yin suna a kansu, ita ce likitar Shugaba Kennedy na Amurka, kuma ita da David Simons suka fitar da babban littafinsu a kai a 1983. Yadda masu tausa ke yi da su shi ne a dafa da yatsa a riƙe shiru na daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya ko fiye har zafin ya fara sauka. Kan mai tsini na bindiga wai don wannan aka yi shi. A gwajina bai kai ba, saboda shi bugu yake yi ba riƙewa ba, kuma a waje mai zafi bugu da tsini sai ya sa jiki ya ƙara ƙanƙamewa. Ƙwallon tanis da bango sun fi min shi nesa ba kusa ba, ka sa ƙwallon tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya ka jingina ka yi numfashi, kai ke da iko da nauyin da kake sakewa. Haka gogar da likita James Cyriax na Landan ya koyar, wadda ake bi a gicciye kan jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, aikin yatsa ne tsantsa kuma na wanda ya san inda jijiyar ta bi.

Amma akwai inda bindiga ta yi wa hannu fintinkau kuma dole in faɗa. Tana nan kullum, ba sai ka nemi lokaci wajen kowa ba, ba sai ka cire kaya ba, ba mai, a kan wando ma tana aiki, wanda ga mai kunyar a taɓa jikinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne, na san mutane da dama da ba za su taɓa kwanciya a gadon tausa ba amma sun samu sauƙi da wannan. Kuma ba 'yan wasa kaɗai ba, mai wuni a zaune gaban kwamfuta ko a sitiyari, mai wuni a tsaye, minti biyu a saman kafaɗa da ɗuwawu da tafin ƙafa suna canza yammacin mutum. Ga ciwon ƙugu irin na yau da gobe, wanda ba daga wata cuta ba, ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka a jagoranta na 2017 ta sa tausa da ɗumi cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin a kai ga magani. Tausar hannu suke nufi, amma in ka bi naman gefe da gefen ƙashin baya da kan soso a hankali, ba kan ƙashin ba, ana samun wani abu.

Yanzu maganar da nake so kowa ya karanta ko da ya tsallake sauran. Takardar da ke cikin kwalin tawa gargaɗinta layi kaɗan ne da ƙananan baƙi, alhali hoton kan mai baki biyu an nuna shi a kan wuya ɓaro ɓaro. Kada ka kai bindiga gaban wuya ko gefensa, manyan hanyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa nan suka bi, kuma likitoci sun ba da rahoton wadda hanyar jinin wuyanta ta tsage bayan ta yi ta amfani da irin wannan na'ura a wuya. Ƙeya ma ni ba na kai ta, iyakata naman saman kafaɗa. Kada a kan ƙashi, ƙwauri da ƙoƙon gwiwa da gwiwar hannu da tsakiyar gadon baya. Kada a bayan gwiwa da hammata da matsematsi, jijiyoyi da hanyoyin jini a fili suke a wajen. Kada a ciki.

Sabon rauni kuma a bar shi. Targaɗe, ko tsoka ta yage kana cikin gudu ka ji kamar an harbe ka, ko an sa maka gwiwa a cinya a filin ƙwallo wajen ya kumbura jini ya kwanta, kwana biyu zuwa ukun farko ba tausa ba bindiga ba ruwan zafi. Na sha ganin yara a gefen fili an buge su a cinya abokai sun taru ana dukan wajen da bindiga wai jinin ya watse, raina yana ɓaci sosai, domin ƙara zubar jinin ake yi a ciki, kuma irin wannan bugun na cinya in aka takura masa yana iya kaiwa ga ƙashi ya fara tsirowa a cikin tsokar, abin da zai hana yaro lanƙwasa gwiwa na watanni. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne gudan jini a sha-raɓa. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi ta yi ja ko ɗumi haka kawai, musamman bayan doguwar tafiya a zaune ko tiyata ko haihuwa ko doguwar jinya a kwance, wannan ba ciwon tsoka ba ne sai an tabbatar, asibiti za a tafi, tausa na iya ɓalle gudan ya tafi huhu. Mai shan maganin tsinka jini, mai raunin ƙashi irin na tsufa, mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai, mai jijiyoyin ƙafa da suka fito suka murɗe, mai juna biyu, mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, mai zazzaɓi, duk su tambayi likita tukuna. Kuma yawan yi ma matsala ne, a 2021 wata mujallar fisiyo ta buga labarin wata matashiya da aka bubbuga wa cinyoyi bayan tuka keke har tsokar ta lalace fitsarinta ya yi duhu aka kwantar da ita. Minti biyu a tsoka ɗaya ya isa, in ka ga shatin jini washegari ka san an wuce gona da iri.

Wannan tunanin na cewa sai ta yi zafi take aiki shi ne ke cutar mutane, a wajen na'ura da wajen masu tausa duka. Akwai masu tausa da ke alfahari da sa ƙato ihu, suna danna gwiwar hannu da dukkan nauyinsu, mutum ya tashi jiki duk tabo yana cewa an yi aiki. Ba a yi ba. Tausa mai zurfi daban, mugunta daban, zurfi a hankali ake shigarsa bayan an ɗumama wajen da shafa, kuma ana gobe wasa ba a yin mai zurfi sam, ta kafin wasa gajeriya ce mai sauri don a tashi jiki, ta bayan wasa mai taushi ce a hankali, mai zurfin a tsakiyar mako ake yinta lokacin da akwai kwanakin hutawa a gaba. In mai tausa bai tambaye ka yaushe wasanka na gaba ba, ka sa alamar tambaya a kansa.

In an haɗa ta da robar nan doguwa da ake birgima a kai, kowacce da wajenta. Robar ta fi a gaban cinya da gadon baya na sama saboda nauyin jikinka ne ke aiki kuma tana ɗaukar waje mai faɗi lokaci ɗaya, ba batir ba caji ba lalacewa. Sai dai tana buƙatar ka kwanta a ƙasa ka tokare da hannu, wanda mai ƙiba ko dattijo ko wanda ya gaji liƙis ba zai so ba. Bindiga kana zaune a kujera za ka yi.

Kurakuran tawa kuwa, banda takardar gargaɗin da na faɗa. Mariƙinta miƙaƙƙe ne, tsakiyar baya ba ya kaiwa sai wani ya riƙe maka, masu mariƙi mai kusurwa uku sun fi ta a nan. Kan soso yana shan gumi kuma ya fara sauya kama da wuri, in kuna amfani da ita ku da yawa a ƙungiya sai a riƙa gogewa da abin kashe ƙwayoyin cuta ko a yi ta kan riga, don cutar fata ba ta da wuyar yaɗuwa. Batirin da aka rubuta zai yi awoyi a ƙaramin gudu ne kawai kuma ba tare da danni ba, in kana ƙure ta ka raba abin da suka faɗa biyu. In ta daɗe tana aiki jikinta yana ɗumi ta kashe kanta, wannan kam ban ƙi ba, kariya ce. Maɓallanta na taɓawa ne a bayan injin, da hannu mai gumi wani lokaci sai ka taɓa sau biyu, wani lokaci kuma tafin hannunka ya goga ta canza gudu kana tsakiyar aiki, maɓalli na dannawa ya fi.

Wanda zai saya ya nemi nisan bugun a rubuce, in ba su rubuta ba akwai dalili, ya kunna ta ya danna a tafin hannu da ƙarfi ya ga ko za ta tsaya, ya riƙe ta sama da kafaɗa na minti ɗaya ya ji nauyin, ya tambayi garanti da ko ana samun kawunan daban in sun lalace. Wanda ciwonsa ya wuce mako biyu bai sauka ba, ko yana tashinsa daga barci, ko yana sauka ƙafa da jin kamar ana tsira masa allura ko mutuwar waje, kuɗin bindigar ya kai wa fisiyo ko likita tukuna. Sannan a duba bakin caji, tawa cajarta ta daban ce mai siririn baki, ranar da ta ɓata ko ta lalace nemanta aiki ne, alhali yanzu akwai da yawa masu caji da USB-C irin na waya, da zan sake saye irin wannan zan ɗauka.